Dubban Masu Sayen Tarwaɗa da Ba Su Zo Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar nan a kasuwar kifi ta Kado ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawar. Shekara ta zagayo har ta wuce, amma in ina zaune ni kaɗai abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na yi tsaki da ƙarfi, matata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Utako, hawa na biyu, saman wani shagon sayar da tayil. Mu biyar ne har da Oga. Aikinmu gina wa mutane shafukan intanet. A katina an rubuta "babban mai nazarin bayanai" (babu ƙarami, ni kaɗai ne a sashen, kuma ni na zaɓa wa kaina sunan). Ina da gilashin ido wanda likita bai ce in sa ba, ina kuma da wata ɗabi'a ta gyaɗa kai tun mutum bai gama magana ba, don ya san na riga shi isa inda zai je.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne. Ya haura shekara ashirin yana sayar da kifi a Kado. Da na zo Abuja neman aiki, a ɗakinsa na kwana wata takwas, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Shi ya shawo kan 'yan layinsu, su goma sha biyu, cewa su haɗu a yi musu shafi guda, inda masu otal da matan gida za su ga kifin da ke ƙasa a ranar su bugo waya. Da aka zo maganar wa za a ba aikin, sai ya ce ai ɗansa yana cikin harkar. Haka aikin ya zo ofishinmu, da ƙafar Kawu da kuma mutuncinsa.

Mun gama shafin, ya yi kyau ba laifi. Sai Oga ya ce saura abu guda. Yana so a sa manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi, wadda za ta nuna mutum nawa suka leƙo, wane kifi suka duba, wa ya danna maɓallin "ina so". Kuma ba ya so wani ya riƙa zama yana kwashe lissafin da hannu. Akwai irin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake ba ta aiki ta je ta yi da kanta, mu a ofis ejan muke ce mata. Burin Oga shi ne kullum da safe ejan ya shiga manhajar ƙirgar, ya ɗauko lissafi, ya rubuta shi da Hausa mai sauƙi, a tura wa 'yan kasuwa ta waya.

To, ejan ba ya iya aiki da manhaja sai an ba shi jagorarta, wato bayanin da masu ita suka rubuta kan yadda ake sarrafa ta. Wata jagorar an rubuta ta tsaf yadda ejan zai karanta ya gane, wata kuwa ko mutum ya karanta sai kansa ya yi ciwo. Oga ya ba ni manhajoji uku, ya ce in gwada jagorar kowacce, in ba ta maki, in kawo rahoto cikin mako biyu.

Na ji daɗin aikin nan fiye da kima. Ka san mutumin da bai taɓa rubuta jagora ko ta shafi ɗaya ba, aka ce ya zo ya ba wasu maki. Na zana teburi mai launi. Na ware maki don tsari, maki don misalai, maki don abin da na kira "rashin surutu".

Biyu daga cikin manhajojin na ƙasar waje ne. Ta ukun wasu mata biyu ne suka gina ta a nan Abuja, ofishinsu yana wajen Apo, bayan layin makanikai. Da na ga haka na riga na yanke mata hukunci a zuciyata, gwajin dai don cika sharaɗi ne. Na buɗe jagorarsu, na ga shafin farko an rubuta a samansa cewa wannan na mutum ne, a karanta kafin a miƙa wa ejan sauran. Na ɗan ja shi ƙasa da yatsa, na ga rubutu ne zalla, babu misali ko ɗaya. Na ce a raina, ai ni ejan aka ce in gwada, ba kaina ba. Na tsallake.

Manhajar tana ba ka mabuɗi, wato wani dogon layi na haruffa da lambobi da ake shiga da shi. Na ga mabuɗan biyu ne a allon, ban tsaya tambayar dalili ba. Na ɗauki wanda na riga na liƙa a shafin su Kawu, na ba ejan, na haɗa masa da jagorar. Umarnin da na ba shi har yanzu ina iya kawo shi da ka: ya gwada duk abin da jagorar ta ce ana iya yi, ya maimaita kullum ƙarfe bakwai na safe, kowace rana ya ƙara yawan gwajin a kan na jiya don mu ga ko manhajar za ta gaji. Na ƙara da cewa kada ya dame ni da tambayoyi, duk abin da ya taso ya ci gaba kawai.

Abin haushi, manhajar Apo ce ta fi sauran. Ejan bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya a jagorarsu ba, alhali a ɗaya daga cikin na wajen ya yi ta kewaye kamar baƙo a gadar sama. Dole na ba su maki mafi yawa. Amma na rama a sashen rashin surutu. Na rubuta cewa shafin farko ɓata lokaci ne, ejan ba ya buƙatarsa, mutum mai hankali ma ba ya buƙatarsa, a cire shi. Jimlar nan ta burge ni har na karanta wa abokin zamana a ofis. Sannan, ba tare da kowa ya sa ni ba, na tura wa matan kwafin rahoton, wai don su amfana.

Ana cikin haka na lura da allon ƙirgar manhajar Apo, wadda ke liƙe a shafin su Kawu. A makon farko da buɗe shafin, mutum goma sha wani abu ke shiga a rana, rabinsu ma na san 'ya'yan masu kifin ne. Sai ga shi layin lissafin ya fara hawa. Ɗaruruwa. Kafin mako na biyu ya ƙare, an shiga dubbai. Kuma kusan duk a shafin ɗanyen tarwaɗa suke tsayawa, suna danna "ina so".

Mai hankali zai tsaya ya ce, daga ina? Ba mu yi talla ba, ba mu buga a ko'ina ba. Ni kuwa abin da na yi shi ne na ɗauki hoton allon na tura wa Oga, na rubuta masa cewa aiki yana magana da kansa. Oga yana Legas wajen wani biki, ya turo mini hoton babban yatsa.

Ranar Laraba na tashi aiki da wuri na tafi Kado da kwamfutata. Litinin mai zuwa ranar hutu ce, ke nan mutane za su yi kwana uku a gida. Na tara 'yan layin a rumfar Kawu, na ɗora kwamfutar a kan firiza, na nuna musu layin nan mai hawa. Na ce waɗannan duk mutane ne, kuma tarwaɗa suke so.

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya yi tambayar da ta kamata a ce ni na yi wa kaina: in suna da yawa haka, me ya sa wayarsa ba ta ƙara? Na gyara gilashi na yi masa bayani cewa haka mutanen Abuja suke, ranakun aiki kallo suke yi a ofis, sai ƙarshen mako su fito saye, balle ga hutu. Ban karanta wannan a ko'ina ba. A wurin na ƙirƙiro shi, kuma da na ji yadda ya fito daga bakina ni ma sai na yarda.

Akwai wata mata a layin, Mama Ladi, Bagwariya ce, mijinta ya rasu, tana da tafkin kifi guda biyu a ƙauyensu can bayan Karmo. Ita ke kiwon tarwaɗarta, ita ke kawowa. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ta matso ta leƙa allon, ta ce mini, "Ɗana, wannan mutane, kai ka gan shi da ido?"

Na ce mata, Mama, na'ura ba ta ƙarya.

Ta ce kifinta saura mako uku ya kai girman da take so. In ta kwashe yanzu, ba a mayar da shi. Ta dubi Kawu, ba ni ba. Kawu ya ce, yaron nan a hannunsa ya zauna, bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi zai ninka abin da yake saukewa. Da Mama Ladi ta ji haka sai ta ɗaura ɗankwalinta ta ce to, za ta kwashe tafkin duka biyun. Wasu mutum huɗu suka bi sahu. Ni kuwa na rufe kwamfuta ina jin kamar na ciyar da unguwa.

Ranar Asabar tun takwas ina kasuwar, da sabuwar shadda, don in ga cikar da idona. Bahuna sun cika layin har ana raɓawa ta gefe. Tarwaɗa manya da matsakaita suna ta juyi a ruwa. Aka yi tara, aka yi goma. Masu saye suka zo, irin waɗanda suka saba zuwa kowace Asabar: matar nan mai gidan abinci, direban wani Alhaji, wasu 'yan mata masu yin farfesu a lambun shaƙatawa. Babu ƙari ko mutum ɗaya da zan nuna in ce ga nawa. Na duba allon a wayata, dubbai sun sake shigowa da safen nan. Na ce wa Kawu ai sai bayan azahar. Bayan azahar na ce sai gobe.

Tarwaɗa tana da taurin rai, amma ba ta son cunkoso, ga zafi, ga ruwan da ba a samu an canja a kan kari ba saboda yawan bahunan. Ranar Lahadi da rana suka fara juyowa ciki sama. Aka ɗauke wuta tun safe, firizoji suka cika da abin da za su iya ɗauka. Aka hura wuta a durom-durom aka shiga banda, amma murhun layin gaba ɗaya ba zai ɗauki rabin abin da ke mutuwa ba. Ranar Litinin na ga Mama Ladi zaune a kan bokiti tana tsame matattun da hannu tana jefawa a buhu. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

A nan ne ya kamata in zauna in buɗe komai in duba. Maimakon haka sai na nemi wanda zan ɗora wa. Na ce wa 'yan layin manhajar ce ta yi ƙirgar ƙarya, kuma dama tun farko na faɗa a rahotona cewa aikin matan nan da gyara. Na rubuta musu saƙo mai zafi, na ce sun jawo wa talakawa asara, in suna da gaskiya su zo kasuwa ranar Laraba su yi bayani a gaban waɗanda abin ya shafa. Ni na zaɓi ranar, ni na zaɓi wurin, ni na bi rumfa-rumfa na ce kowa ya zo.

Ɗaya daga cikinsu ta zo, Injiniya Halima. Na zaci zan ga wata 'yar gayu mai Turanci ta hanci. Sai ga mace mai kimanin shekara arba'in, da hijabi ruwan toka, ta sauko daga keke mai ƙafa uku da jakar kwamfuta duk ta koɗe. Ta gaida Kawu har da rusunawa, ta jajanta wa Mama Ladi, ta tsaya ta dubi buhunan da ba a kwashe ba tukuna. Sannan ta juyo wurina, ta rage murya ta ce, "Malam, ko za mu ɗan koma gefe, minti biyu kawai? Akwai abin da nake so ka fara gani."

Wallahi matar nan ta ba ni ƙofa. Ta buɗe ta, ta riƙe mini. Ni kuwa na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, na ce babu wani gefe, duk abin da za ta faɗa ta faɗe shi a nan, ni ba ni da abin ɓoyewa.

Ta ce to.

Ta ɗora kwamfutarta a kan firizar nan dai da na ɗora tawa mako guda da ya wuce. Ta yi bayani da Hausa, a hankali, ba ta sa kalmar Turanci ko ɗaya da ba dole ba. Ta ce allon da ake gani jimla ce kawai, amma a bayansa akwai rajista, inda ake rubuta kowace shiga ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe rajistar. Ta ce mutanen gaske da suka shiga shafin a makonnin nan suna nan, ba su da yawa, ga su. Sauran duka daga na'ura ɗaya suka fito, a Utako, kullum ƙarfe bakwai na safe. Ta ce ba mutane ba ne, gwaji ne. Wani ya sa ejan yana aiko da baƙi na ƙarya don ya ga ko manhajar tana ƙirga daidai, kuma ta ƙirga su daidai. Tarwaɗa ita ce kifin farko a shafin, shi ya sa ejan ya riƙa gwaji da ita.

Tun da ta ce Utako na gane. Amma bakina bai samu labari ba tukuna, sai na ji shi yana cewa ai Utako babba ce, kowa ma zai iya zama.

Ta ce haka ne. Sai dai jagorarsu ta umarci kowane ejan ya sa sunan mai shi a jikin duk gwajin da ya aiko, don irin wannan ranar. Wannan ejan kuwa ya bi umarnin sarai. Ta matsar da allon gefe kaɗan, wani layi ya fito, ta fara ja ƙasa.

Sunana ne. Cikakke, da na mahaifina, yadda na rubuta shi a kwamfutar ofis. Layi bayan layi, tana ja yana zuwa, ba ya ƙarewa.

Kawu bai yi boko mai nisa ba, amma shi ya cike mini takardu da yawa a zamanin neman aiki. Ya matso, ya sa yatsa a kan allon, yatsan duk ƙamshin hayaƙi, ya ce, "Wannan ba sunan Malam ba ne?" Mahaifina yake nufi, mijin yayarsa, wanda ya rasu ina aji uku a sakandare.

Na ce shi ne, Kawu.

Babu wanda ya yi ihu. Na so a ce an yi. Wani a baya ya yi salati a hankali, wani ya ja tsaki ya koma rumfarsa. Mama Ladi ce ta taso daga kan bokitinta, ta zo ta tsaya gaban Injiniya. Ta tambaye ta, su da suka yi abin, ba su rubuta a ko'ina cewa kada a yi haka ba? Injiniya ta ce an rubuta. Mama Ladi ta ce a ina. Ta ce a shafin farko. Mama Ladi ta ce ta karanta mata.

Na lura Injiniya ba ta so. Ta dube ni kamar mai neman izini, ni kuwa ina kallon ƙasa, inda ruwan baho ya jiƙa mini takalmi. Ta karanta, tana mayarwa da Hausa. Layi huɗu ne kacal abin da ya shafe ni. Mabuɗi biyu ne, ɗaya na gwaji ɗaya na aiki. Ka ba ejan na gwaji. In ka ba shi na aiki, duk abin da ya gwada zai shiga lissafinka na gaske, kuma za ka ga mutanen da babu su. Kada ka yanke shawarar kasuwanci a kan lissafin ranakun gwaji.

Mama Ladi ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ban je makaranta ba, shi ya sa na tambaye ka. Kai da ka je, wa za ka tambaya?"

Na ci gaba da kallon takalmina.

Abin da ya ƙara kashe ni shi ne Injiniya Halima ba ta ambaci rahotona ba. Yana cikin kwamfutarta, da jimlar nan tawa ta mutum mai hankali, kalma ɗaya za ta yi ta gama da ni a gaban kowa. Ta rufe kwamfutar, ta ce wa Kawu za ta goge musu gwajin daga lissafin a ranar, ta sake jajanta musu, ta tafi neman keke. Na bi ta a baya don in ce wani abu, na rasa me, sai na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Da na koma ofis na buɗe tarihin aikin ejan, wanda ban taɓa dubawa ba tunda maki kawai nake kwashewa. A ranar farko, kafin ya fara komai, ya rubuta cewa jagorar ta ce a yi gwaji da mabuɗin gwaji, wannan kuwa da alama na aiki ne, amma tunda an umarce shi kada ya yi tambaya, zai ci gaba. Washegari ya sake rubuta haka. Da jibi. Kwana goma sha tara yana gaya mini, kowace safiya, cikin ladabi. Shi ya karanta shafin da aka rubuta don mutum. Kuma har safiyar Larabar nan yana kan aikinsa, domin na manta ban tsayar da shi ba bayan na miƙa rahoto.

Oga bai kore ni ba. Ya dawo daga Legas, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in cire hannuna daga duk abin da ya shafi magana da masu ba mu aiki. Ya sa aka sake buga katina, aka cire "babban". Ya kuma sa na sake rubuta rahoton, na tura wa matan Apo da hannuna.

Sauran makon a Kado na yi shi. Ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya ce in tafi. Na tuɓe shadda na sa tsohuwar riga, ina ɗebo itace, ina juya kifi a kan wayar banda, ina kwashe buhunan da suka lalace zuwa inda mota ke ɗauka. Hayaƙin banda yana shiga ido ya sa hawaye, wanda hakan ya yi mini amfani. Kawu yana ba ni umarni kamar yadda zai ba kowane ɗan dako: ɗauko wancan, juya wannan. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin mahaifiyata ba. Abin da ya daina shi ne gabatar da ni. A da duk wanda ya zo rumfar sai ya ce masa ga ɗana, injiniyan kwamfuta. Yanzu sai in tsaya a gefensa a gama ciniki a tafi. 'Yan layin kuma sun daina sa shi a gaba in za a yanke shawara, kuma wannan ya fi kifin yi masa ciwo, na gani a tafiyarsa. Mun shirya daga baya, a hankali, amma maganar shafin ba ta sake haɗa mu ba.

Tafkunan Mama Ladi sun yi wata biyu a bushe kafin ta samu ta zuba sababbin 'ya'yan kifi. A tsakanin nan kifin wasu take karɓa tana sayarwa, ita da ta saba sayar da nata. Na je da abin da zan iya don in rage mata, ta karɓa, kuma ni da ita mun san bai kai ko'ina ba. Ta sa aka cire sunanta daga shafin.

Bayan wata guda Injiniya Halima ta turo mini saƙo. Ta ce sun gyara manhajar, yanzu in ejan ya zo gwaji da mabuɗin aiki ba za ta karɓa ba sam, ko mai shi ya ce a ci gaba. Ta ce a da sun ɗauka gargaɗi a rubuce ya isa, abin da ya faru ya nuna musu bai isa ba, don haka suna godiya. Babu gatse a saƙon ko kaɗan, na karanta shi sau biyar ina nema. Wato akwai wani shinge a manhajar nan yau da aka gina saboda ni, don kare jama'a daga irina.

Kwanakin baya na je kai wa Kawu saƙo daga gida. Ina wucewa ta gaban rumfar Mama Ladi, kaina a ƙasa kamar kullum, sai na ji ta ce, "Kai, mai kwamfuta. Zo." Rabon da ta kira ni tun ranar nan. Ta jawo wani buhun abincin kifi, sabon iri da aka kawo mata, bayansa cike da rubutun Turanci ƙanana. Ta ce in gaya mata yadda ake ba da shi. Na duƙa, idona ya tafi kai tsaye tsakiyar buhun inda na hango teburin awo. Sai ta sa hannu ta rufe wurin.

Ta ce, "Daga sama."

Na fara daga sama. Na karanta sunan abincin, da abin da aka haɗa shi da shi, da gargaɗin kada a ajiye shi a danshi, da awon kowane mako, ina fassarawa tana gyaɗa kai. Na karanta har ranar da zai lalace da garin da aka yi shi. Mutane suna wucewa suna kallon ƙato da gilashi tsugune gaban buhu yana karatu da ƙarfi kamar ɗan aji biyu. Da na kai ƙarshe ta ce in juya buhun ko akwai saura a ɗaya gefen. Babu. Ta ce to, in tafi.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kuma shi ne abin takaicin, don da ma a ce wani babban sirri ne da sai in ɗan ji sauƙi. An ba ni aikin auna ko na'ura za ta iya karanta bayani ta bi. Ta karanta, ta bi, har ta yi ƙoƙarin tunasar da ni. A teburina mai launi na ware wa kowa maki, ban da wanda ke zaune gaban kwamfutar. Yanzu ko maganin tari na saya sai na warware 'yar takardar nan da ke cikin kwalin na karanta ta duka, tsaye a gaban kanta, mai shagon yana jira in matsa.